A Jikinmu Ba Ya Yin Ja

A gidan hayar da suke zaune babu mai ce mata mai shara. Likita ake kiranta, yara da manya, har mai gidan idan ya zo duba famfo. Ƙanwarta Auta ce ta laƙaba mata sunan don tsokana, ranar da ta fara dawowa daga aiki tana warin maganin goge ƙasa, suna kuwa ya bi ta. Da fari takan ce su daina tun kafin a zo a tambaye ta takardar shaida. Daga baya ta gaji ta ƙyale su. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana share asibiti, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Asibitin gini biyu ne. Akwai tsoho a baya, na kowa da kowa, inda layi ke kaiwa bakin titi tun kafin a buɗe ƙofa. Akwai sabo a gaba, mai gilasai, wanda sai mai hali ke shiga. Wata baranda mai rufin kwano ce ta haɗa su, taku arba'in ba ƙari, ta sha ƙirgawa da bokiti a hannu. Ita a sabon ginin aka ajiye ta, bene na uku, sashen da ake duba mama.

Matan da ke zuwa wurin yawancinsu farar fata ne, daga unguwannin kan tudu. Abin da ya fi ba ta mamaki a shekarar farko shi ne lafiyarsu ƙalau suke zuwa. Ba ciwo ba zazzaɓi, shekara ce kawai ta zagayo aka aika musu saƙo su zo a ɗauki hoto. Su zauna a kujeru masu laushi suna latsa waya, idan ta zo goge ƙasa su ɗaga ƙafa ba tare da sun ɗaga kai ba. Da ta ba Auta labari, Auta ta ce to ita ma ranar da ta yi arziki sabon takalmi za ta riƙa kai wa mai gyara.

A bangon da ke fuskantar kujerun akwai wata fosta cikin gilashi, mai zane shida, alamomin sankarar mama. Karatun Likita bai wuce aji uku ba, rubutu sai ta bi shi da yatsa, amma zane ba ya buƙatar malami. Kowace safiya takan fesa wa gilashin ruwa ta goge, har ta san fostar kamar yunwar cikinta. Ga mai ƙululu, ga wanda kansa ya shige ciki, ga mai fitar da ruwa. Na ƙarshe a ƙasa shi ya fi ba ta tsoro: mama ya kumbura ya yi ja jawur kamar an kwara masa tafasasshen ruwa. Duk zanen shida fatar fara ce sol. Ba ta taɓa kawo komai a ranta game da haka ba. Zane dai zane ne.

Da wannan ɗan sanin take taimakon matan gidansu. Ran Lahadi, da yake ba ta aiki, wadda ta ji wani abu a jikinta sai ta saɗaɗo ɗakin Likita ta tura ƙofa. Ita kuwa ta wanke hannu har gwiwa yadda ta ga ana yi, ta haɗa yatsu uku ta bi a hankali. Shekara huɗu da suka wuce ta taɓa jin wani abu kamar ƙwallon dabino a jikin matar direba, ta matsa mata lamba sai da ta je tsohon gini. Aka cire, ga matar nan har yau tana faɗa da 'ya'yanta a bakin famfo. Tun daga lokacin maganar Likita ta zama yankan wuƙa a gidan.

Auta kuwa kusan ita ta haife ta. Shekara goma sha biyu ta ba ta, kuma uwarsu ta rasu Auta ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ita ta goya ta, ita ta koya mata ɗaura zane, ita ta aurar da ita ga wani mai gadin masaƙa, mutum mai shiru-shiru, suka kama ɗaki a ƙarshen baranda ɗaya da ita. Auta tana aiki a gidan wanki da guga, inda ake kawo zannuwan gadon otal-otal. Wuni take a tsaye gaban injin guga mai tururi. A wuyan hannunta na dama akwai tabon ƙuna mai siffar jinjirin wata, wanda take cewa shi ne agogonta, kullum lokacin tashi yake nunawa.

Wata Lahadi da rana ta shigo ɗakin yayarta da 'yarta ƙarama a kafaɗa, wadda ta yaye wata biyar da suka wuce. Ta ajiye yarinyar a kan gado, ta tura ƙofa da ƙafa, ta ce ita ma yau ta zo ganin Likita, amma a sani ba ta biyan kuɗin kati. Rigar mamanta ce ta matse ta ta gefe ɗaya. Na hagun ya yi nauyi, yana zafi, kamar yana cin abinci a ɓoye bai sammawa ɗan'uwansa. Tana faɗa tana dariya, amma ta ce ta yi niyyar fashin aiki ran Talata ta je ta bi layin tsohon gini, ko da shugaban aikinsu zai yi ta masifa.

Likita ta wanke hannu, ta ɗage labule haske ya shigo. Ta bi da yatsu uku, sama da ƙasa, har hammata. Babu ƙululu. Kan bai shige ba, ba ruwa. Ya kumbura kam, da ɗumi, fatar ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, kuma ta ɗan fi ta ɗayan duhu, kamar inuwa ta faɗo a wurin. Ta juya ƙanwarta ta fuskanci taga sosai, ta nemi ja. Ta nema da gaske, har tana ƙanƙance ido. Babu ja ko na ƙwayar gero.

Ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Ba shi ba ne, Auta. Shi in ya kumbura ja yake yi jawur. Kullum ina goge hotonsa."

Ta tambaye ta da wane gefe take jingina da injin guga. Auta ta ce da hagu. To shi ke nan, in ji Likita, tururi ne ya dafa wurin, ta riƙa sa tsumma mai sanyi tana ja da baya daga injin. Auta ta mayar da rigarta tana cewa Allah ya yi wa Yaya albarka, ta hutar da ita layi da kuma bakin shugaban aiki. Ta ɗauki 'yarta ta fita tana waƙa.

Wata huɗu Auta ba ta sake ta da maganar ba. Yaya ta ce ba shi ba ne, magana ta ƙare. Likita ce da kanta ta lura ƙanwarta ta daina ɗaukar yarinya da hannun hagu, kuma idan tana tafiya takan ɗan ware hannun daga jikinta kamar mai ɗauke da ƙwai a hammata. Ta sa ta a gaba suka je ƙaramin asibitin unguwa. Nas ɗin da suka samu baƙa ce kamar su, ga gajiya a fuskarta, ga mata cike da benci suna jira. Ta duba a bayan labule, ƙarƙashin wani ƙwan lantarki mai rowar haske, ta tambaya ko tana shayarwa. Da ta ji ba a daɗe da yaye ba sai ta ce ruwan nono ne ya kwanta, bai ma yi ja ba, ta rubuta kafso na kwana bakwai. Likita ta ji daɗi a ranta, ga mai takarda ta faɗi abin da ta faɗa.

Kafso ya ƙare, aka sake wani. Shi ma ya ƙare. Sai a zuwa na uku aka ba su takarda zuwa tsohon gini, can kuma aka duba littafi aka ba su ranar ɗaukar hoto, wata uku nan gaba. Injin ɗaya ne, in ji mai rubutun, kuma yau lafiya gobe ciwo.

A bene na uku injin uku ne. Likita ce take goge musu ƙura. Da tsakar rana idan an tafi cin abinci haka suke zama shiru, ɗakunan da sanyi, ba kowa. Kwana biyu tana tattara ƙarfin hali kafin ta je gaban matar da ke kan teburin karɓar baƙi, ta yi gaisuwa, ta yi bayani da muryar da ita kanta da ƙyar take ji. Matar ta yi murmushi mai kyau, ta ce ai katin da ke wuyanta na kamfanin shara ne, ba na asibiti ba, ko ita kanta ba ta da hurumin kwanciya a injin, balle ƙanwa.

Akwai wata tsohuwar dakta a sashen, farar fata, mai furfura, wadda ita kaɗai ce idan ta ɗaga ƙafa takan ɗaga kai ta ce sannu da aiki. Ita Likita ta tare a bakin matattakala, bokiti a hannu. Dakta ta saurara har ƙarshe, ta duba agogo, ta ce a kawo ta gobe da ƙarfe ɗaya.

Mai gadin ƙofar gaba ba zai bar Auta ta wuce ba, don haka ta ƙofar masu shara suka shiga, Auta sanye da rigar aikin yayarta ta canji, wadda ta yi mata yawa. A matattakala tana haki tana cewa yau ita ma ta zama ƙaramar likita, saura a ba ta tsintsiya. Suka zauna a kujeru masu laushi, wurin ba kowa. Nan ne Auta ta ɗaga kai ta ga fostar. Ta tashi ta je gabanta ta tsaya, ta daɗe tana kallo, zane bayan zane.

"Yaya, wannan ne hoton naki?"

"Shi ne."

Auta ta ɗora bayan hannunta a kan gilashin, kusa da zanen ƙarshe, baƙin hannu a gefen farar fata. Ta ce a hankali, ba da faɗa ba, "To ai wannan ba jikina ba ne."

Sai aka buɗe ƙofa aka kira su.

Tsohuwar dakta ba ta buƙaci injin ba kafin fuskarta ta canza. Kallo ɗaya ta yi, ta taɓa, ta taɓa hammata da wuya, ta tambaya tun yaushe. Auta ta ce kusan wata shida. Dakta ta tambaya me ya hana su zuwa tun farko, ba da zargi ba, kamar tambayar da bakinta ya saba. Auta ta sunkuyar da kai don ta rufa wa yayarta asiri. Likita ce ta amsa daga inda take tsaye a jikin bango.

"Ni na ce mata ba shi ba ne. Na nemi ja ban gani ba."

Dakta ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce irin wannan sau da yawa ba ya yin ƙululu, kuma gudu yake yi ba tafiya ba. Ta ce a fata mai duhu ba lallai ya nuna ja ba, duhu yake ƙarawa, wani lokaci kamar shuni. Sannan ta ƙara da cewa littattafan da ita ma ta karanta tana ɗaliba, hotunan cikinsu irin na bangon nan ne. Likita ta so a ce matar ta zage ta. Da zagi ne da ta san inda za ta ajiye shi.

Gwaji ya nuna ciwon ya wuce hammata, ya taɓa ƙashin baya. Dakta ta rubuta wasiƙa da hannunta, wadda ta rage musu layi a tsohon gini, aka fara yi wa Auta ƙarin ruwan magani duk bayan mako uku. Gashinta ya zube, ta ce ta huta da kitso. Gidan guga suka sa wata a gaban injinta tun mako na biyu. Mijinta ya koma yini a wurin gadi ya dawo ya yi wanki ya yi wa yarinya wanka, bai taɓa ce wa Likita komai ba, gaisuwarsa ma ba ta canza ba, kuma wannan ya fi mata ciwo.

Ta zama mai gini biyu. Da safe tana sama, da yamma tana ƙasa a gefen gadon Auta, wadda aka kwantar a tsohon gini da jikin ya tsananta. A sama akwai wani allo da ake manna katunan godiya na waɗanda suka warke, da hotunansu, gashi ya sake tsirowa, suna rungume da jikoki. Shekara da shekaru tana goge allon, sai yanzu ta tsaya ta nemi fuska irin tata a ciki, kamar mai neman allura a rairayi. A ƙasa kuwa babu allo. Gadaje ne a jere, matan da ke kai kusan duk kalarta ne, masu wanki, masu talla, masu aikin gidajen kan tudu, kuma kowace da labarin ranar da aka ce mata ba komai ba ne, ko ranar da ba ta iya fashin aiki ba. Gadon da ta gaisa da mai shi jiya, yau sai ta tarar an canza zane.

A gida ta daina amsa sunan Likita. Wanda ya kira ta da shi sai ta wuce kamar ba ta ji ba. Ran Lahadi takan sa sakata. Tana yi wa Auta komai, ta goge mata jiki, ta ba ta ruwa a cokali, ta juya ta idan bayan ya gaji, amma idonta kullum yana kan hannunta ko kan kwano.

Wata safiyar Lahadi a asibiti, rana ta shigo ta tagar da ke kan gadon, Auta ta farka da ɗan ƙarfi. Ta ce a jingina ta da matashi. Ta kalli yayarta tana ninke tawul ɗin da ta riga ta ninke.

"Yaya, kin daina kallona."

Likita ta ce wane irin zance ne wannan, ba ga ta nan ba.

"Na yi fushi da ke," in ji Auta. "Wata biyu cur ina fushi, ba ki ma sani ba don ba kya ɗaga kai. Sai na ga wahala ce kawai. Ba ke kika zana hoton ba. Gogewa aka ce ki yi, kika goge."

Sai a lokacin Likita ta ɗaga kai. Fuskar ta rame har kunnuwan sun yi girma, amma idon na Auta ne, na yarinyar da ta goya. Kuka ya zo mata irin wanda ba shi da sauti, ta kifa goshi a gefen katifa, Auta tana shafa mata ɗankwali tana cewa ta yi a hankali kada a ce majinyaciya ce ta mutu.

Da ta natsa, Auta ta ce ta ja labulen gadon ta ɗauko wayarta. Ta buɗe rigar da kanta, ta nuna wani gefe can wajen hammata, ta ce nan ne har yanzu yake kama da yadda ya fara, nan za ta ɗauka. Likita ta ce Allah ya kiyaye, wannan ai tsiraici ne. Auta ta ce na bangon sama fa, riga gare su?

"Ki ɗauka da haske. Kada ki sa fuskata, ban yi kwalliya ba. Wadda ta zo miki, ki nuna mata namu."

Sai a ɗauka na huɗu hoton ya fito.

Auta ta rasu wata Talata da hantsi. Likita tana bene na uku a lokacin, don kamfani ya ce ta cinye kwanakin hutunta. Wata mai shara ce ta tsohon gini ta hau ta same ta, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonta. Likita ta jingina sandar goge ƙasa da bango, ta sauka, ta bi barandar nan mai rufin kwano. Taku arba'in ne. Ta tarar an riga an ja zane.

Bayan mako biyu ta koma aiki. Ta nuna wa tsohuwar dakta hoton, dakta ta daɗe tana kallo, ta nemi izini ta tura shi wayarta, ta ce za ta rubuta wa masu buga fostar, amma kada ta sa rai da wuri, abin yana bin ofis-ofis. Damina ta wuce, fostar tana nan. Kowace safiya Likita takan fesa mata ruwa ta goge, don aikinta ne, kuma ga 'yar Auta a gida da ta fara kiranta Inna.

Wata Lahadi da rana aka ƙwanƙwasa mata ƙofa a hankali. Mai kitso ce ta ɗakin tsakiya, ta yafa mayafi har ƙirji, hannu ɗaya a ƙarƙashinsa. Ta fara cewa Likita, ta haɗiye, ta ce Yaya. Ta ce ta san an daina, ta san dalili, amma kwana goma ke nan ba ta da sukuni kuma ba ta da wanda za ta nuna wa.

Likita ta tsaya riƙe da sakata. Bakinta ya ɗauko cewa ta tafi, ita mai shara ce. Sai ta matsa gefe ta ba ta hanya, ta ɗage labule, ta ɗauko wayar daga ƙarƙashin matashi.

"Kafin ki buɗe, kalli wannan. Haka yake a jikinmu. Ba ya yin ja."

Mai kitso ta karɓa ta kalla. Ta buɗe baki za ta tambaya ko wace ce, sai idonta ya kai gefen hoton, inda hannun da ke riƙe da rigar ya fito, da tabo mai siffar jinjirin wata a wuyansa. Ta rufe bakinta da mayafi.

Likita ta wanke hannu ta duba ta. Ta ce ta ga abin da ta gani, amma ba za ta ce shi ne ba, ba za ta ce ba shi ba ne. Gobe da sassafe za su je tsohon gini tare, za ta tsaya da ita a layi, kuma duk wanda ya ce bai yi ja ba za ta nuna masa wayar. Mai kitso ta ce mata uku ne suka yi mata alkawarin zuwa kitso goben. Likita ta ce su zo jibi, kai ba ya guduwa.

Da matar ta fita, ta zauna a bakin gado da wayar a cinya. Tana da hotunan Auta da yawa, na biki, na ranar haihuwa, wanda take gwalo. Wannan ne kaɗai ba fuska. Ta sa yatsu biyu ta buɗa shi, ta ja shi gefe, har ciwon ya fita daga gilashin wayar, ya rage hannun kawai.